Muhawara: rufin Castle Drogo, kuskure ne ko ha'inci?

Mai Awon Gini: Jama'a, abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk inda ake zancen manyan gidajen karkara na Ingila sai a ɗaga mai zanen gine-gine Edwin Lutyens sama, wai ba a yi kamarsa ba. To ku dubi Castle Drogo, gidan da ya zana a yankin Devon. An fara shi a 1911, an gama a 1930, kuma tun ba a gama ba yake yoyo. Rufin shafe yake, kankare a ƙasa, kwalta a sama, a bakin tsaunukan Dartmoor inda ruwan sama ke zuwa da iska. Hukumar National Trust mai kula da gine-ginen tarihi, da ta karɓi gidan a 1974, sai da ta zuba miliyoyin fam kafin ta shawo kan ruwan. Ni dai ha'inci nake kiran wannan.

Baba Birkila: Ɗana, janye kalmar nan. Ha'inci shi ne a ba ka kuɗin buhu goma ka zuba bakwai, ko ka rage rodi ka rufe da kankare. Me aka rage a Drogo? Dutsen giranit ne zalla, sassaƙaƙƙe, bango cike ba rami a tsakiya. Mai ha'inci ba ya irin wannan wahala.

Injiniyan Rufi: Baba ya yi gaskiya, amma bari a faɗi yadda ruwan ya shiga. Kankare na buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi, kwalta kuma ba ta bin sa daidai, sai ta tsage. Da ruwa ya sami tsaga ɗaya sai ya bi ƙarƙashinta ya gangara cikin bango, ya ɓullo a ɗakin da ke nesa da inda ya shiga. Shi ya sa faci bai taɓa yin magani ba. Ga kuma katangar saman rufin tana zaune a kan shimfiɗar, ba yadda za a sake ta sai an sauke dutse. A gyaran da aka fara a 2013 an ɗaga duwatsu 2,355, aka sa wa kowanne lamba, aka shimfiɗa roba mai hana ruwa, sannan aka mayar da kowanne mazauninsa. Tagogi 913 aka cire aka sake liƙe su. Kuskuren zaɓen kaya ne, kwalta a lokacin ba a gama sanin halinta a kan irin wannan rufi ba.

Mai Awon Gini: Wanda ya gwada abin da bai sani ba da kuɗin wani, me sunansa?

Hajiya Mai Zane: Malam, mai kuɗin ai shi ya nema. Julius Drewe, wanda ya yi arziki da kantunan Home and Colonial, gidan sarakunan dā yake so, da rufi shafe da bango cike. Mai zane yana ba da shawara, mai gida ke yanke hukunci. In kana son ganin hannun Lutyens inda aka sakar masa mara, dubi gidan Munstead Wood da ya yi wa mai tsara lambu Gertrude Jekyll a 1896 zuwa 1897: dutsen yankin Surrey, katakon oak, rufin tayil mai gangara sosai har ruwa ba ya samun wurin tsayawa.

Baba Birkila: Wa ya ce bango cike laifi ne, Hajiya? Laifin na cikon tsakanin duwatsu ne. Giranit ba ya shan ruwa, don haka duk ruwan da ya bugi bango layin ciko yake nema. Siminti mai tauri in ya tsage yakan shigar da ruwa ya hana shi fita. Haɗin farar ƙasa yana numfashi, ya jiƙe ya bushe. Fiye da kilomita 60 na ciko aka ƙwaƙule aka sake a gidan nan.

Injiniyan Rufi: Numfashi ba ya isa a gefen da iska ke tura ruwa kwana da kwanaki, Baba. Bango biyu da sarari a tsakani shi ke yanke wa ruwa hanya.

Baba Birkila: Ku 'yan boko kullum sarari. Gine-ginen da suka shekara ɗari biyar da wane sarari suka tsaya?

Ɗalibin Gini: Ku yi haƙuri iyayena, ai ko a Delhi Lutyens ya yi sake. Ya sa hannu a kan tsarin gangaren hanyar hawa tudun Raisina, daga baya ya gane cewa mai hawowa ba zai ga gidan wakilin Sarkin Ingila da ya zana a can ba sai ƙubbarsa.

Hajiya Mai Zane: Ƙanina, wannan aikin abokin aikinsa Herbert Baker ne, shi ya so ofisoshin gwamnati da ya zana su zauna a kan tudun. Lutyens ya yi ta neman a gyara aka hana shi.

Ɗalibin Gini: Amma sa hannun nasa ne, Hajiya.

Hajiya Mai Zane: Bari in tattara, tunda zancen ya watse. Kowa ya yarda ba ha'inci ba ne. Yoyon Drogo daga buƙatar mai gida ya taso, matsalar Delhi kuma daga Baker. Mutumin da ya gina gidan Marshcourt da farin alli, ya zana Cenotaph na Landan, ginin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, ba a auna shi da rufi ɗaya.

Mai Awon Gini: Ban yarda ba, Hajiya, kada ki sa ni cikin "kowa". Drewe ya nemi rufi shafe, amma ba shi ya zaɓi kwalta ba, ba shi ya ɗora katanga a kanta ba.

Baba Birkila: Kuma har yanzu Injiniya bai ba ni amsa a kan cikon ba.