Koyar da wankin hoto ga ɗaliban sakandare: da me ake farawa?

Malamar zane, Zariya:
Assalamu alaikum. An danƙa mini ƙungiyar masu ɗaukar hoto a makarantarmu, aka haɗa ni da wani ɗakin ajiya maras taga, da na'urar ƙara girman hoto guda ɗaya, da tsofaffin kyamarorin Pentax K1000 biyu. Yaran sun taso ne da waya a hannu, babu wanda ya taɓa riƙe fim a cikinsu. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan aiki su faɗa mini da me suka fara, da kuma inda ya fi ba su wahala.

Malamin kimiyya, Kano:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni ban bai wa ɗalibaina kyamara ba sai da suka saba da takardar hoto, wato takarda mai kama haske da ake fitar da hoto a kanta, domin tsakanin ɗaukar fim da ganin sakamako akwai jiran da yakan kashe wa yaro gwiwa. A darasin farko na kunna jar fitila, wadda ba ta yi wa takardar fari da baƙi illa, na sa kowa ya ɗora mabuɗi ko ganyen zogale ko mataji a kan takarda, muka haska ta na 'yan daƙiƙoƙi, sannan muka tsoma ta a ruwan fito da hoto. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ga takardar tana yin baƙi a cikin tire, siffar ɗan kunnenta ta rage fara fat, sai ta riƙe baki ta ce a ƙara mata wata. Daga ranar ban sake neman kowa da zuwa darasi ba.

Bayan haka muka huda gwangwanayen madara da tsinin allura, muka baƙanta cikinsu, muka sa takarda, suka zama kyamarori. A nan na ba su labarin Ibn al-Haisam, wanda ya yi bayanin yadda haske ke bin ƙaramar kafa ya zana siffa a kife a cikin duhu, a littafinsa Kitabul Manazir, tun ƙarni na 11. Wanda ya ga ginin makaranta ya fito a kife a takardarsa ba ya wahalar gane aikin ƙofar haske da saurin ɗauka idan ya karɓi K1000.

Malama daga Yamai:
Ina goyon bayan Malam. Abin da zan ƙara shi ne naɗa fim a kwarkwaro, wato ɗan faifan da ke riƙe shi, kafin a sa shi a tankin wanki, domin fim ba ya jure ko jar fitila, dole a yi shi cikin duhu ɗungurum. Na sadaukar da fim ɗaya, suka koyi naɗa shi ido buɗe, sannan ido rufe, kafin su taɓa na gaske. A zafinmu hannu yakan yi gumi a cikin baƙar jakar da ake naɗa fim a ciki don tare haske, fim ya manne ya ƙi tafiya, don haka ki tabbata kwarkwaron da hannayensu sun bushe sarai.

Tsohon mai hoto, Jos:
'Yata, na yi shekaru ina wankin hoto kafin dijital ta zo, yanzu kuma ina taimaka wa wata makaranta. Ruwa shi ne babbar matsalarki. Lokutan da kamfanoni ke rubutawa an auna su ne a kan digiri 20, misali fim ɗin Ilford HP5 Plus a cikin ruwan fito da hoto na ID-11 da ba a sirka ba minti bakwai da rabi ne, alhali ruwan tankin kan rufi a watan Afrilu yakan haura digiri 30. Idan ruwa ya yi ɗumi maganin yakan yi sauri, dodon hoton, wato siffar da ke fitowa a jikin fim, ya yi kauri da tsakuwa-tsakuwa, kuma idan aka rage lokacin ya gaza minti biyar wankin ba ya fita daidai ko'ina. Ni ina ɗibar ruwa daga randa da safe, in tsoma kwalaben magani a bokiti mai ƙanƙara, in kuma ɗora wa ɗalibi ɗaya aikin duba ma'aunin zafi. Su kansu yaran sun fi natsuwa idan kowa ya san nasa aikin, wannan da agogo, wancan da juya tanki.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, domin duk wadda ta sauka a kan jiƙaƙƙen fim ta zauna ke nan, za ta fito da fararen ɗige a fuskar mutum. Ki yayyafa ruwa a ƙasa, ki rataye fim ɗin a cikin kabad, ki hana kowa buɗewa sai ya bushe. Kada ki bari su tsoma yatsu a tire, domin maganin yakan sa wa wasu ƙaiƙayi, kuma ruwan ƙarshe da ke tabbatar da hoto yana tara azurfa idan ya tsufa, ba a zubar da shi a kwata, a jarka ake tara shi.

Malamin kimiyya, Kano:
Gaskiyar Baba ce. Game da tsadar fim kuma, nakan raba fim mai ɗaukar hoto 36 tsakanin ɗalibai shida, kowa ya rubuta abin da ya saita a kyamara kafin ya danna. Na nuna musu hotunan Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, da na kitso da J.D. 'Okhai Ojeikere ya ɗauka a Najeriya, sannan na ce kowa ya nemi izinin wanda zai ɗauka.

Malamar zane, Zariya:
Allah ya saka muku da alheri. Zan fara da takarda da gwangwani a wannan zango, in jinkirta fim sai an shiga damina, lokacin da ƙura ta kwanta kuma zafi ya ragu. Baba, ɗakin nawa ba shi da famfo, shin ɗauraye hotuna a bokitai ana sauya ruwa zai wadatar?

Tsohon mai hoto, Jos:
Zai wadatar, 'yata, muddin takardar mai rufin roba ce, domin ba ta shan magani sosai. Ki jera bokitai uku, ki riƙa sauya ruwan na farko akai-akai, kada kuma ki bar hotunan su daɗe a jiƙe, domin ruwa yakan shiga ta gefen takardar ya ɓata ta.