Tiyunin ɗin BMW 335i mai injin N54 da man fetur ɗinmu: ina haɗarin yake, kuma wa zai biya in injin ya buga?

Ɗan Zoo Road

Assalamu alaikum masana mota. Tambaya ce kan BMW 335i ƙirar 2008, tokumbo daga Amurka, otomatik, injin N54, ta yi mil 118,000. Wani gareji ya ce zai yi mata tiyunin, wato ya sake rubuta birenbos (kwamfutar da ke sarrafa injin) da manhajar waya mai suna MHD, ya ɗora ta a mataki na 2, ya cire katalis, wato matatar hayaƙi, da ke bayan tabo (na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin injin), ƙarfin doki ya tashi daga 300 zuwa wajen 380. Ya ce fayil ɗin da aka tsara wa fetur mai ƙarfin lamba 91 zai saka, tunda man gidajen manmu ma 91 ne. Da aka nemi ya rubuta a takarda cewa shi zai ɗauki nauyi in injin ya lalace, sai ya ce ba a yin haka a wannan sana'a. To, maganar 91 ɗin nan daidai ce? Me ya kamata a canza kafin a taɓa birenbos? Kuma in abu ya lalace, ta yaya ake gane laifin fayil ne ko tsufan mota? Allah Ya saka da alheri.

Injiniya Mai Sikana

Wa alaikumus salam. Malam, ka dakatar da aikin nan tukuna, don a kan lambar 91 ɗin nan kaɗai ana iya rasa fistin.

Ma'auni biyu ne suke amsa suna ɗaya. Mu da Turai muna auna ƙarfin fetur, wato juriyarsa ga fashewa da kansa, da ma'aunin RON. Amurka tana rubuta AKI a jikin famfo, wato matsakaicin RON da wani ma'auni mai suna MON, kuma kullum lambarta tana ƙasa da tamu da maki huɗu zuwa biyar. Saboda haka 91 na Amurka shi ne wajen 95 a wurinmu, 93 nasu kuma wajen 98. Shi ya sa a cikin manhajar za ka ga an haɗa 91 da 95, an haɗa 93 da 98. Namu 91 ɗin ya yi daidai da 87 nasu, man da ya fi araha a famfon Amurka. Ita wannan motar tun daga kamfani 91 na Amurka aka ba da shawarar a zuba mata. Ka ga ke nan tun ba a taɓa komai ba tana cin bashi.

Abin da ya sa take jurewa shi ne rarar da kamfani ya bari. N54 yana fitowa da matsin tabo wajen psi 8 (psi ma'aunin matsi ne). Fayil na mataki na 1 yana kai shi 13 zuwa 15, na mataki na 2 yana haura haka. Iska ta ƙaru, zafi ya ƙaru, sai man da ke lungun silinda ya fashe da kansa kafin harshen wutar filogi ya iso wurin. Wannan ita ce ƙwanƙwasa, kuma ba lallai kunne ya ji ta ba. Injin yana da na'urorin sauraro biyu a jikin bulo. Da sun ji, birenbos yakan jinkirta tartsatsin filogi. Amma gyara ne bayan an riga an yi dukan. In abin ya yawaita, bakin fistin da ke riƙe da ringi ne yake tsagewa, sai silinda ɗaya ta rasa matsi, mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. Jinkirta tartsatsin kuma yana tura zafi cikin salansa, inda ƙananan tabo biyu na Mitsubishi suke.

Ƙara da zafin Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, inda iskar waje kanta ta haura digiri 40. Intakula na asali, mai sanyaya iskar da tabo ke turawa, ƙarami ne, ja biyu a jere ya ishe shi ya cika da zafi.

Kada a ruɗe ka da kwalaben ƙara ƙarfin mai. Yawancinsu in sun ce sun ƙara maki uku, 0.3 suke nufi, ba 3 ba. Ga lissafi: ko da sinadari mai RON 120 ka samu, kafin ka ɗaga 91 zuwa 95 sai ya zama kashi 14 cikin ɗari na cakuɗin, wato kamar lita 8 a tankin lita 60. Kwalba mai mililita 300 ba za ta yi wannan ba. Masu sinadarin manganis suna ɗan aiki, amma suna barin jan datti a filogi da na'urar auna iskar salansa.

Hanyar sanin gaskiya ita ce rikodin bayanan injin tun motar tana yadda take. A giya ta uku, daga juyi 2,500 zuwa 6,000, totur a ƙasa, a kan na'urar gwajin ƙarfin mota ko wurin da babu jama'a, don gudun yana da yawa. A duba gyaran tartsatsi na duk silinda shida. In silinda biyu ko uku suna ja da baya fiye da digiri 3 a lokaci ɗaya alhali ba a ƙara komai ba, magana ta ƙare, man bai kai ba.

Oga Kofar Ruwa

Injiniya ya gama da mai, bari in ɗora da ƙarfe. Tiyunin ba ya haifar da yawancin cututtukan N54, tona su yake yi. Abin da zai mutu baɗi sai ya mutu a makon nan.

Fara da gwajin matsin silinda, injin da ɗumi. Bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. In ya wuce, a mayar da kuɗin tiyunin aljihu.

Sai babban famfon mai, mai matsi mai yawa. Shi ne sanannen ciwon injin nan, har BMW ya yi kiranyen motoci kusan 130,000 a Amurka a 2010, ya kuma tsawaita garantin famfon zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Alamarsa jinkirin tashi da safe da faɗuwar ƙarfi kwatsam. A rikodi, in matsinsa yana sauka ƙasa da psi 1,500 lokacin da aka taka, ya fara gajiya. Ƙaramin famfon cikin tanki ya kamata ya tsaya wajen psi 72. In yana gangarowa kusa da 50, shi ne yake kashe babban da yunwa.

Nozul, masu fesa mai cikin silinda, sun fi komai tsada a jerin nan. Akwai lambar zubi a jikinsu, 12 ce ta ƙarshe. Ba a haɗa 11 ko 12 da 10 ko ƙasa da haka a rukunin silinda uku ɗaya. Kowane sabo yana buƙatar sabon zoben rufi, kuma dole a shigar da lambobin da ke jikinsa cikin birenbos. Nozul mai yoyo yana wanke bangon silinda, fetur ya sauka cikin baƙin mai ya tsinka shi, daga nan mital ya tafi. Cire filogi da safe bayan mota ta kwana: wanda ya jiƙe yana warin fetur ya nuna maka mai laifi. A kula, jabun nozul masu lamba 12 sun cika kasuwa, arahar da ta yi yawa ita ce shaidarsu.

Filogi a koma NGK 95770, mai sanyi da mataki ɗaya, a matse bakinsa zuwa inci 0.022, wato kamar milimita 0.56. Da matsi mai yawa, faffaɗan baki yana sa tartsatsi ya mutu. Koyil shida a canza su tare. Kada a raina wannan, don motocin farko masu birenbos MSD80 an san su da ƙonewar ƙananan sassan da ke tuƙa nozul.

Bututun roba mai kai iska zuwa totur yakan fashe da ƙarin matsi, a sa na alminiyam. Ƙarar kacau-kacau daga bayan injin in an ɗaga ƙafa, tare da lambar kuskure 30FF, tana nufin ƙofar sakin hayaƙin tabo ta sassauta ko iska tana zurarewa. Tunda mai ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska a wannan injin, baƙin datti yana taruwa a kansu, sai an buɗe an kankare. Famfon ruwa na lantarki ne, ba ya gargaɗi, in ba a san ranar da aka canza shi ba a canza shi tare da tamostat. A leƙa cikin ramin tayar gaba ta dama a ga ko akwai ƙaramin lagireton baƙin mai, don wasu 335i na farko sun fito babu shi, kuma da mai ya kusa digiri 150 mota za ta rage ƙarfi da kanta.

Giyabos ɗin ZF mai giya shida ma da iyakarsa, kuma injin tun asali yana ba da ƙarfin juyi na Nm 400. A canza mansa da tirensa mai haɗe da matata, a bar maganar wai mai ne na har abada.

Katalis kuwa, wanda makanikai suke kira indomi, a tambayi mai garejin ina zai kai shi bayan ya cire. Akwai ƙarafa masu daraja a ciki, kuɗi ne.

Ɗan Zoo Road

Na gode Injiniya, na gode Oga. Wani ya ce a bar rubuta birenbos a sa akwatin JB4, wai ya fi aminci kuma ana cire shi ba a gane ba. Sannan har yanzu maganar wa zai biya tana nan.

Baban Hanifa

Kan JB4 zan ɗan saɓa wa masu kushe shi. Akwati ne da ake jonawa tsakanin na'urorin auna matsi da birenbos, yana rage lambar da birenbos yake gani don tabo ya ƙara turawa. Amfaninsa a inda mai ba shi da tabbas shi ne ana sauya tsari daga sitiyari, har a koma na asali in an zuba man da ba a yarda da shi ba, kuma yana da tsarin da ke rage matsi in ya ga ana ja da tartsatsi baya. Amma cewa ba a ganewa, a bar wannan. Kwamfutocin mota suna ajiye tarihi. Volkswagen da Audi ma suna da tambari mai suna TD1 da na'urar dila take liƙa wa lambar mota in ta ga an taɓa manhaja, kuma mayar da fayil na asali ba ya goge shi.

Rigimar wa zai biya tsohuwa ce a ƙasashen da abin ya samo asali. A Amurka akwai dokar garanti ta Magnuson-Moss ta 1975, wadda masu tiyunin suke yawan kafa hujja da ita: kamfani ba zai soke garantin mota gaba ɗaya don an sa kayan wani ba, sai in kayan ne suka jawo lalacewar. Gaskiya ne, amma wanda ya ninka matsin tabo sannan fistin ya tsage bai bar wa kansa abin faɗa ba. Ta ɗaya gefen, hukumar kare muhalli ta Amurka tana ɗaukar cire katalis da kashe lambobin kuskurensa a matsayin karya dokar tsabtar iska. Harley-Davidson ya amince da biyan tarar dala miliyan 12 a 2016 kan na'urorin tiyunin babura, COBB Tuning ya amince da biyan kusan dala miliyan 2.9 a 2024. A Jamus, ƙarin ƙarfin da ba a kai an duba an shigar a takardun mota ba yana soke izinin hawanta titi. A Ingila kuma ɓoye wa kamfanin inshora yana iya sa ya ƙi biya.

Motar 2008 ba ta da sauran garanti, don haka taka rigimar tsakaninka da gareji ce, sai inshora in kana da cikakkiya, su ma a sanar da su a rubuce. Ranka ya daɗe, kusan babu mai tiyunin da zai lamunce maka injin mai mil 118,000, a nan mai garejin bai yi ƙarya ba. Abin da za a iya rubutawa shi ne wanda ake iya aunawa: sakamakon gwajin matsi kafin aiki, lambobin kuskuren da aka tarar, sunan fayil da lambar man da aka yi shi dominsa, iyakar matsin tabo, rikodi kafin aiki da bayansa, da cewa kwafin fayil na asali yana hannun mai mota. Da waɗannan ake raba gardama. In rikodin ranar miƙa mota ya nuna ƙwanƙwasa kuma aka sallame ta haka, sakacin mai aiki ne. In rikodin tsaf yake, daga baya aka sayi man 'yan bumburutu a hanya, mai mota ya san inda zai dosa.

A kuma tambaye shi 380 ɗin a ina aka auna, a taya ko a injin. Kamfani a injin yake aunawa, na'urar gwaji a taya, kuma tsakaninsu ana rasa wajen kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari.

Injiniya Mai Sikana

Baban Hanifa, na yarda da kai kan takarda, amma kan akwati da sauran magana. Tunda ƙarya yake yi wa birenbos game da matsi, birenbos yana ɗauko tartsatsin da aka tsara wa ƙaramin nauyi ya ba injin da ke ɗauke da babba, sai na'urar sauraro ta ji duka sannan a ja baya. Da man 98 wannan ba komai ba ne. Da namu, kariya ta ƙarshe ce aka mayar aikin kullum. In dole sai an yi, gara fayil da aka rubuta musamman don wannan motar da wannan man, matsi kaɗan sama da na asali, tartsatsi a ja shi baya, babban intakula a gaba, katalis a bar shi a wurinsa. Ƙarin ba zai kai 380 ba, ko kusa.

Ranar rubutawa kuma a jona caja mai riƙe batir sama da bolt 13, ba a janareto mai rawa ba. A kashe fitilu da na'urar sanyi, a sa wayar a yanayin jirgi, kada a buɗe ƙofa ko a taɓa waya har a gama, don rubutun farko yana iya ɗaukar fiye da rabin awa. In ya katse a tsakiya mota ba za ta tashi ba, kuma birenbos na wata motar ba ya aiki kai tsaye, don yana ɗaure da akwatin makulli na CAS da lambar sirri, sai an sami rewayan da ya iya kwafe ta.