Wane suna ya dace da masu maimaita yaƙe-yaƙen da?

Akwai wata al'ada a Turai da Amurka da ake kira reenactment da Turanci, wadda duk ranar da ta faɗo cikin labari sai mai fassara ya tsaya yana susar ƙeya. 'Yan sa-kai ne, wani malamin makaranta, wani akawu, wani direba, suke ɗaukar sunan wata tsohuwar runduna, su ɗinka irin kakinta da kuɗin aljihunsu, sannan su fita fili su maimaita yaƙin da ta gwabza. A Ingila ƙungiyar Sealed Knot, wadda aka kafa a 1968, tana maimaita yaƙin basasar ƙasar na ƙarni na 17, a Beljiyam kuma dubban mutane sun taru a 2015 domin cikar yaƙin Waterloo shekara 200.

Wani abokin aiki ya ce a kira su "sojan gona". Na yi dariya, amma ban yarda ba, domin sojan gona mayaudari ne, su kuwa waɗannan ba wanda suke cuta, kowa ya san ranar Litinin za su koma bakin aikinsu. "Atisaye" ma bai zauna ba, tunda shi shiri ne na yaƙin da ake tsammani, ba na wanda aka gama ba.

"Wasan kwaikwayo" ya fi kusa, kuma muna da wasan gauta da kalankuwa inda ake kwaikwayon masu mulki. Sai dai kalmar "wasa" tana rage wa abin nauyi. Mutumin da ya sa kakin ulu cikin zafin Yuli domin tunawa da yaƙin Gettysburg da aka yi a Amurka a 1863, ya yaga ƙunshin takarda da haƙori, ya zuba albarushi a bakin bindiga ba tare da harsashi ba, kuma yana iya yin musu na awa guda a kan ko maɓallin rigar abokinsa ya dace da zamanin, ba zai ji daɗi a ce wasa yake yi ba.

Akwai masu son "hawa", saboda 'yan lifidi da 'yan sulke da 'yan bindiga na hawan sallah. Akwai kama kam, amma 'yan lifidin sarki gadon gidansu suke riƙe da shi, ba kwaikwayon kowa suke yi ba.

Shawarata ita ce a cire "wasa" a bar "kwaikwayo": aikin ya zama "kwaikwayon tarihi", masu yinsa "'yan kwaikwayon tarihi", ƙungiyarsu kuma "rundunar kwaikwayo". Idan arangamar kanta ake nufi, sai a ce "kwaikwayon yaƙi". Na gwada a jimla na ji bai yi wa harshe nauyi ba: "Rundunar kwaikwayo ta kwana a tanti, da asuba ta ja daga."