Keken Ɗinki Ko Kwanon Aji?

Malamin Aji Huɗu:

Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya bayan la'asar ɗan takarar kansilan mazaɓarmu ya zo filin firamare da motar lasifika. Ya ce ilimi ne gaba a wurinsa, zai kawo cibiyar koyon sana'a, zai raba wa mata kekunan ɗinki. Ina jingine a ƙofar ajina ina sauraro. Sharaɗin zaure yana nan yadda yake: amsa da waƙa, ban da zagi, ban da sunan ɗan takara ko na jam'iyya.

Da sunan Allah na fara, Mai koyar da ɗan Adam,
Wanda taskar iliminsa ba ta taɓa ƙarewa ba.

Mai neman ƙuri'a ya zo filinmu da yamma,
Ya ɗaga hannu sama, bai ɗaga kai sama ba.

Da ya ɗaga kai, da ya ga kwanon aji huɗu,
Iska ta kai shi gonar wani, ba a maido shi ba.

In hadari ya haɗo daga gabas ina darasi,
Sai in sallami yara, ƙararrawa ba ta kaɗa ba.

Mu fasa tsohon batir mu shafe allo da baƙinsa,
Duk da haka na baya ya ce, "Malam, ban gani ba."

Buhun taki ne benci, gwiwa ita ce tebur,
Wanda ya manto buhunsa bai sami wurin zama ba.

Ka ce cibiyar sana'a, to, madalla da kai,
Wa zai riƙe tef in bai iya karanta lamba ba?

Ɗan Kamfen:

Malam, bulalarka na sha a wannan ajin, lokacin yana da rufi. A yi min afuwa in kare ubangidana.

Malam, na durƙusa, gaisuwa kafin magana,
Kai ka koya min baƙi da wasali, ba na mantawa.

Amma mutumin nan bai hau kujera ba tukuna,
Akuyar da ta ɓata bara, ba baƙon yau ake kamawa.

Dubi samarinmu a gindin dalbejiyar tasha,
Da an kai amfanin gona gida, ci-rani suke ficewa.

Wani ya yi acaba a Legas, wani gadi a Fatakwal,
Wasu su dawo da kuɗi, wasu gawarsu ake kawowa.

Walda da gyaran waya ga matasa in mun ci,
Keken ɗinki da injin markaɗe ga zawarawa.

Ciki ba ya jiran yaro ya gama aji shida,
A ba shi abin yi yau, karatu ma yana zuwa.

Kuma kada a manta, tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. In abin ya tabbata, ciyaman da kansiloli ba su da sauran uzuri.

Goggo Tela:

Wannan yaron ni na ɗinka masa rigar makaranta ta farko, don haka ya yi shiru ya ji.

Ɗana, matso kusa, Goggonka za ta yi magana,
Shekara talatin ƙafata na kan keken ɗinki.

Na shekara uku gidan uwar ɗakina ina koyo,
Wata shida ban taɓa yadi ba, sai shara da wanki.

Takardar buhun siminti na fara sa wa almakashi,
Sai da layi ya miƙe ta ba ni tsumma in gwada aiki.

Zaɓen da ya wuce ma an zo mana da kekuna,
Aka yi ta guɗa kamar an naɗa sabon sarki.

Kwana uku aka koya, rana ta huɗu hoto,
Kowacce ta ɗau nata a ka, ta kai shi ƙuryar ɗaki.

Maƙwabciyata ta zo da dare tana min raɗa,
"Goggo, ina ake sa kwarkwaro, waje ko ciki?"

Kafin damina ta faɗi na ga kekunan a kasuwa,
Maigida ya sayar, ya auno masara da taki.

Ban ga laifinsa ba, yunwa ba ta san keke ba,
Ƙarfe ne kawai in ba gwanin da ya nuna da baki.

In da gaske kuke, ku biya gwanaye su riƙe yara,
Shekara biyu cur, ran yaye a ba da keke a ci biki.

Bakaniken Bakin Kanal:

Goggo ta gama da ɗinki, bari in zo da baƙin mai. Mu nan Kura, Garun Malam da Bunkure ruwan Tiga muke ci, dam ɗin da aka gama tun 1974. Noman rani ya tsaya ne a kan inji, injin kuma a kan irina.

Goggo ta yi magana, a ba ni wuri in ɗora tawa,
Ni bakanike ne, a aji biyar na bar makaranta.

Injin ban-ruwa in ya yi tari a bakin kanal,
Daga jin kukansa na san fulogi ne ko kabireta.

Mai shinkafa da mai tumatir duk ni suke kira,
In ya tsaya kwana uku, shuka ta yi kamar an sa wuta.

Wani kamfani ya zo neman masu haɗa famfon sola,
Na je da sifana a hannu, suka ce takarda ake buƙata.

Suka miƙo fom da Turanci, na juya shi sama da ƙasa,
Yaron da na koya wa aiki shi ya karanta ya rubuta.

Shi aka ɗauka, ni na hau babur na dawo gida,
Ban yi hassada ba, sai dai abin ya tsaya a zuciyata.

To ɗan kamfen, tambayi ubangidanka guda biyu,
Zai biya mana gwajin sana'a, mu ma shaidarmu ta fita?

Zai buɗe ajin dare na manya bayan sallar isha,
A ajin Malam, in an rufa shi an ja masa wuta?

Gwajin da nake nufi shi ne na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, mai mataki uku, wanda ake gwada hannun mutum a ba shi shaida. Akwai kuma jarrabawar NABTEB ta ɗaliban fasaha da kasuwanci, amma ita sai mai karatu. Ka ga mun sake komawa wurin Malam.

Baba Na Tasha:

Ku yi ta waƙa, yara, na dangwala tun zaɓen Shagari,
An yi farin ruwan sama, ban da farin alkawari.
Atamfa, sabulu da taliya za su zaga gari,
Kwana bakwai da zaɓe, miya ta koma ba gishiri.

Goro na nan ga mai so.

Anti Mai Sa-kai:

Baba, a gafarce ni, jikarka za ta tanka,
In mun ce duk kanwar ja ce, wa zai tsaya wa yaranmu?

Na gama NCE na dawo, ina koyarwa kyauta,
Aji ɗaya da aji biyu a ɗaki guda, haka muka samu.

Yarinya ta gama aji shida, sakandare na can nesa,
Uba ya dubi hanyar, ya ce talla ta fi a garinmu.

A ba ta keken hawa kafin a ba ta na ɗinki,
Ta cika shekara tara ta doka, sauran ya rage namu.

Malamin Aji Huɗu:

Anti ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Shekara taran nan ba alfarma ba ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ce ta ce shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. A Yunin 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Jiha mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kafin ido ya kai ƙauye irin namu sai an sami mai nunawa da yatsa. Aikin kansila ke nan. Shi ba ya gina kwalejin fasaha, kada wani ya ruɗe mu. Amma yana zama a majalisar da ke duba kasafin ƙaramar hukuma, yana iya taka ofishin sakataren ilimi sau goma har a gaji da ganinsa.

Ina da yaro a aji huɗu da ke haɗa fitila da batir da murfin gwangwani. Irinsa aka buɗe wa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977. Amma da jarrabawa ake shiga.

Ɗana, ban ƙi walda ba, ban ƙi gyaran waya ba,
Gini nake tsoro wanda ba a haƙa wa tushe ba.

Goggo ta nemi gwani, Bakanike ya nemi shaida,
Anti ta nemi keke, ba wanda ya nemi taliya ba.

Ka ce masa ya zaɓi biyu da ƙarfinsa zai kai,
Ya faɗa gaban mai unguwa, kada ya ce bai ce ba.

Ɗan Kamfen:

Na karanta masa duka a mota, daga na Malam har na Anti. A wurin kwarkwaro ya yi dariya, a wurin fom ɗin Bakanike ya yi shiru.

Malam, saƙo ya isa, ban rage ko baiti ba,
Har na Baba Na Tasha, duk da yana da cizawa.

Ya ce Talata da hantsi zai zo, ba lasifika,
Ba maroƙa, ba 'yan rakiya masu tafawa.

Zancen biyan gwanaye ya ce sai ya yi lissafi,
Kwano da ajin dare kuwa yana iya ɗaukawa.

In ya saɓa, Malam, ni ma ɗan garin nan ne,
Ƙanwata na aji huɗu, ita ma rana take shanyuwa.

Goggo Tela:

"Sai ya yi lissafi" ta fi min "an gama" daɗi,
Zan zo da tef da almakashi, mu auna shi da aiki.

Bakaniken Bakin Kanal:

Ni zan zo da tsani in auna bandir nawa rufin zai ci, kada a kawo mana lissafin kwangila.

Malamin Aji Huɗu:

Allah Ya kai mu Talata. A cikin ajin za mu zauna, ba a ofishin hedimasta ba.

Ka ce ya sa malafa, ƙarfe goma rana ta buɗe,
Ya taho da buhunsa, ba mu tanadi benci ba.