Bidiyon iyakar Ɗan Isa: wa zai kalla, wa zai cutu?

Ɗalibar jami'a: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ga maganar da na kawo, kuma ina kanta: buɗe iyakar Ɗan Isa, ta tsakanin Maraɗi da Jibiya, da rufe ta, ko da a Yamai da Abuja ake sa hannu, kasuwar duniya ce ke juya shi. Labaran rediyo ba sa iya nuna wannan, bidiyon fasaha ne zai iya. Ba fim mai jarumi nake nufi ba, ba kuma rahoton ɗan jarida ba. Wata 'yar Suwizalan, Ursula Biemann, ta yi irinsa a 1999 a garin Juwares na Mekziko, bakin iyakar Amurka, kan matan da ke harhaɗa kayan lantarki a masana'antun kamfanonin waje. Daga baya ta zo ƙasarmu ta ɗauki tashar manyan motocin Agadas da mahaƙar yuraniyom ta Arlit cikin aikinta Sahara Chronicle. Ana jera allunan kallo da yawa a ɗaki guda, kowanne yana nuna nasa, mai kallo ya haɗa zaren da kansa. Ina so mu yi namu kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya.

Alhaji mai shinkafa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Waɗanda aka ɗauka a Agadas ɗin, sun ga abin? Ko can Turai aka kai shi ana kallo cikin sanyin ɗaki?

Ɗalibar jami'a: A gidajen baje kolin fasaha ake nuna irinsu, Baba. Shi ya sa na ce mu yi namu, mu nuna a nan.

Malamin tarihi: Kafin a kai ga wanda zai kalla, ni tushen maganar ne ban yarda da shi ba. Kin ce kasuwar duniya ke juya mu, kamar mu ba mu da hannu. Maraɗi ba jiya ta san cin iyaka ba. Sarakunan Katsina da suka baro birninsu bayan jihadin Shehu Usmanu nan suka zo suka kafu, shi ya sa har yau sarautar garin nan Sarkin Katsina ce. Faransa da Ingila suka zo suka ja layi, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, suka bar yaya a Jibiya, ƙane a Madarunfa. To me mutanenmu suka yi? Suka mayar da layin jari. Da farko gyaɗa ce. Da gyaɗa ta faɗi bayan farin shekarun 1970, alhazan garin nan suka koma fiton kaya: taba sigari, atamfa, shinkafa, a sauke a Kwatano, a haye ta Gaya, a jibge a sito a nan, da dare a tsallaka da su Najeriya. Benayen da kike gani a garin nan da yawansu da wannan kuɗi aka gina su. Abin da ke ba ni haushi da aikin baƙi shi ne kullum mu ne abin tausayi, su ne masu fahimta.

Direban Jibiya: Malam ya faɗi gaskiya, amma alhazai suka ci, mu ƙura muka sha 😂

Hajiya mai atamfa: Malam, da girmanka, ni ina bayan yarinyar nan. Shigo rumfata ka ɗaga turmi goma, ka duba bakin zanen. Zanen namu ne, launin namu ne, amma yawancinsu daga Sin aka buga su. Da can daga Kano da Kaduna muke sarowa, yanzu masaƙun sun mutu, kayan Sin ɗin ma wani lokaci ta nan suke bi su shiga Kano. Wane alhaji ne ya yanke wannan? Shi ma saye yake ya sayar. Ranar da Naira ta faɗi ina zaune a rumfa kuɗina ke narkewa, ban taka ko'ina ba. Mai saye daga Katsina ya zo da damin kuɗi, ɗan canji ya mayar masa da 'yan jikkuna, ya dubi turmi ya ajiye ya fita.

Malamin tarihi: Hajiya, faɗuwar Naira ai hukuncin gwamnati ne. Haka rufe iyaka da Buhari ya yi daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Haka takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda Najeriya ba ta ɗage nata ba sai Maris ɗin 2024. Duk mutane ne masu suna suka zauna suka yanke. In aka ce "jari-hujjar duniya" an wanke su ke nan, an ɗora laifi kan iska.

Ɗalibar jami'a: Malam, me ya sa Buhari ya rufe? Saboda shinkafar Tailan da Indiya da ke kwararowa ta Kwatano ta fi ta manoman Najeriya araha. Ka ga zaren ya kai Asiya. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, kamfanin Mota-Engil na Fotugal aka ba kwangilar. Man Agadem kuma kamfanin CNPC na Sin ke haƙo shi, bututun ya bi ya sauka gaɓar teku a Benin, alhali ita kanta iyakarmu da Benin ta daɗe a rufe, kayan masarufi na zagayowa ta Lome da Burkina. Mai yana wucewa ta ƙarƙashin ƙasa, buhun shinkafa ba ya wucewa ta gada. Rediyo zai ba ka waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ranarsa daban. Ni so nake a allo ɗaya a ga jirgin ruwa yana sauke kwantena, a na biyu ɗan kabu-kabu ɗaure da buhu uku yana ratsa gonar hatsi, a na uku hannun ɗan canji yana ƙirga. Ba mai bayani, sai ƙarar wurin.

Alhaji mai shinkafa: To nan ne na tsaya miki. Wannan ɗan kabu-kabun da za ki ɗauka, ta ɓarauniyar hanya yake bi. Kika sa shi a allo, kin nuna fuskarsa, kin nuna babur ɗinsa, kin nuna kukar da yake karyawa a gindinta. Gobe masu kaki sun san inda za su tsaya. Ke kin samu makinki a jami'a, shi ya rasa babur da kayan mutane. Sana'ar fito rufin asiri ne jarinta, ɗiyata.

Direban Jibiya: Wallahi Baba ya taɓo wurin. Ni ko shingayen hanya ba zan yarda a ɗauka daga cikin motata ba. Kowane shinge akwai abin da ake miƙawa, kowa ya sani, amma ranar da aka ga waya a ɗage sai a sauke fasinja duka a hau bincike har la'asar.

Hajiya mai atamfa: Sai ta ɗauki hannuwa da ƙafafu, ta bar fuska. Ni na ba ta rumfata, ta zo ta ɗauki bakin zane da tambarinsa yadda take so.

Ɗan ruwa-ruwa: Ina jinku tun ɗazu. Ni ku ɗauke ni da fuskata, ba abin da ya rage a kama. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 teburina ya koma kwalabe wayam. Da mu ke shayar da baburan garin nan da man Najeriya, yanzu ribar ta tafi. Yaran da ke ɗauko mini jarkoki wasu sun tafi wurin haƙar zinari, wasu sun nufi Aljeriya. In bidiyon zai nuna kwalaben da rana ta ƙona su, ina so. Amma ki faɗa mini, ƙanwata, in wani gidan kallo na Turai ya saya, nawa ne nawa?

Malamin tarihi: Ga tambayar da ta fi duk tawa.

Ɗalibar jami'a: Yaya, ban da amsar kuɗi tukuna, ko kyamarar ma aro zan yi. Abin da zan iya alkawari shi ne duk wanda ya fito zai kalla kafin kowa, in ya ce a cire shi a cire. Kuma nunin farko a tasha za a yi, ba a jami'a ba. Malam, kai ma zan sa ka a allo na huɗu kana musanta ni, da muryarka.

Malamin tarihi: Na yarda, da sharaɗin a sa alhazai ma, da sitonsu da tirelolinsu. Kada a nuna talaka kaɗai a ce shi ne iyaka.

Alhaji mai shinkafa: Sitona dai a'a. Ku nemi na wani.