Gubar dalma a Zamfara: wa iyayen yara za su kai ƙara, kuma a wace kotu?

Ɗan Talatar Mafara ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon masana shari'a da ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure su warware mini ita. A watan Disambar 2024 ministan ma'adinai, Dele Alake, ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sanya wa jihar Zamfara tun watan Afrilun 2019. Na saurari muhawarar da ta biyo baya a gidajen rediyo, inda masu magana suka karkata ga batun 'yan bindiga da kuɗin shigar da jihar za ta samu, sai na riƙa tuna yaran ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum waɗanda gubar dalma ta kashe a shekarar 2010.

Ga waɗanda suka manta, a watan Maris na shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF, wadda muke kira Na-gari Na-kowa, suka lura cewa ƙananan yara suna mutuwa fiye da kima a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma. Daga baya aka gano cewa dutsen zinaren da ake kawowa cikin gidaje ana daka shi yana ɗauke da dalma mai yawa. An ƙiyasta cewa aƙalla yara 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka rayu da gubar a cikin jininsu. A kudancin ƙasar nan, mutanen Bodo da ke ƙasar Ogoni sun kai kamfanin Shell ƙara a Landan a kan malalar mai, aka biya su fam miliyan 55 a shekarar 2015. Tambayata ita ce: shin uban da ya binne 'ya'yansa a Dareta yana da irin wannan hanya? Idan yana da ita, wa zai kai ƙara, kuma a gaban wane alƙali?

Lauya daga Kaduna ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka tana da nauyi, kuma amsarta ba za ta yi maka daɗi sosai ba. Abin da ya ba mutanen Bodo nasara shi ne akwai kamfani guda mai suna, mai ofis, mai dukiya, wanda bututunsa ne ya fashe, kuma ya amsa cewa man daga bututunsa ya malalo. A Zamfara kuwa, hannun da ya daka dutsen sau da yawa hannun mahaifin yaron ne ko na maƙwabcinsa, ko ma na uwar da ke cikin kulle tana neman na cefane da turmi da taɓarya. Idan ka bi hanyar ƙarar diyya ta yau da kullum, wadda ke neman wanda ya yi ɓarna da hannunsa, za ka ƙare kana gurfanar da mai makoki a gaban kotu. Saboda haka ƙarar da ke da ma'ana ita ce wadda za a shigar a kan gwamnati, bisa hujjar cewa ta gaza sauke nauyin da doka ta ɗora mata.

Wannan nauyi a rubuce yake. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta ba ma'aikatar tarayya ikon bayar da lasisi da duba wuraren haƙa, har da tallafa wa ƙananan masu haƙa da ilimin aiki. Wanda ya ce zinaren nasa ne, to ba shi da bakin cewa ƙurar ba ta shafe shi ba. Sai dai akwai tarko a cikin kundin kansa. Sashe na 20, wanda ya ce gwamnati za ta kare muhalli da ruwa da iska da ƙasa, yana cikin babi na 2 ne, kuma sashe na 6(6)(c) ya cire wa kotuna hurumin tilasta abin da ke cikin wannan babi. Wato an rubuta alkawarin, sannan aka rufe ƙofar da za a bi a nemi cika shi.

Lauyoyi sun daɗe suna zagaya wannan katanga ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a ɗaure maganar muhalli da haƙƙin rayuwa da na mutunci, waɗanda ke sashe na 33 da na 34, domin su kotu tana da cikakken hurumi a kansu. Haka aka yi a shari'ar da wani mai suna Gbemre ya shigar a shekarar 2005, lokacin da Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke cewa ƙona iskar gas a garin Iwherekan na jihar Delta take haƙƙin rayuwa ne. Ta biyu ita ce Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Najeriya ta mayar da ita dokar cikin gida tun 1983, kuma sashenta na 24 ya ba al'umma haƙƙin muhalli mai kyau. Da wannan sashe ne kotun ECOWAS ta kama gwamnatin Najeriya da laifi a watan Disambar 2012, a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP ta shigar kan gurɓatar yankin Neja Delta. Wannan kotu tana Abuja, kuma ba ta sharɗanta sai ka gama da kotunan gida kafin ka zo gabanta ba. Bugu da ƙari, a 2018 Kotun Ƙoli ta buɗe wa ƙungiyoyi damar shigar da ƙarar muhalli a madadin jama'a, ko da ba su ne abin ya shafa kai tsaye ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne aiwatar da hukunci. Shekaru da dama bayan hukuncin Gbemre, ana nan ana ƙona iskar gas a Neja Delta. Sannan lauyan gwamnati zai fara ne da dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ba mai ƙara wata uku kacal ya shigar da ƙararsa bayan faruwar abin, ko da yake ana iya mayar masa da martani cewa cutarwar ba ta yanke ba har yau.

Ma'aikaciyar jinya daga Gusau ta amsa:

Barista ya yi bayanin doka, ni kuma zan yi magana a kan abin da ya kamata a nema idan har an je kotun, domin ina ganin kalmar diyya tana sa mu kallon waɗanda suka rasu kawai, mu manta da waɗanda ke raye. Da farko an ɗauka sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, saboda yaran suna zuwa da amai da jijjiga da suma, amma magungunan waɗannan cututtuka ba su yi musu komai ba. Mutanen ƙauyukan ma sun ba da labarin cewa agwaginsu ne suka fara mutuwa tun kafin yaran, ba tare da kowa ya san abin da hakan ke nufi ba. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda. Na'urar gwajin jinin da aka je da ita tana tsayawa ne a ma'auni 65 na yawan dalma a jini, alhali a wancan lokaci ma'auni 10 ma abin damuwa ne, kuma jinin yara da yawa ya wuce abin da na'urar ke iya karantawa.

Akwai maganin da ke janye dalma daga jini, amma shan sa aikin banza ne idan yaro zai koma yin rarrafe a tsakar gidan da ƙasarsa ke cike da gubar. Dole ne a fara kankare ƙasar saman gidaje, a kwashe ta, a zuba mai tsabta, kamar yadda kamfanin TerraGraphics ya jagoranta a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Garin Bagega, wanda ya fi su girma, shi aka bari a baya, da yara kimanin 1,500 suna jiran magani. A watan Mayun 2012 aka yi taro a Abuja inda aka jaddada alkawarin gwamnatin tarayya na ba da naira miliyan 850 domin wannan aiki, amma kuɗin bai fito ba sai a ƙarshen Janairun 2013, bayan ƙungiyar Human Rights Watch da matasan Follow the Money masu bin diddigin kuɗin gwamnati sun yi ta matsa wa shugaba Goodluck Jonathan lamba a intanet. A ganina, Barista, wannan jinkirin shi ne hujja mafi ƙarfi, domin a lokacin babu mai iya cewa bai sani ba.

Kuma abin bai tsaya a Zamfara ba. A 2015 irin wannan guba ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a yankin Shikira. Illar dalma ga ƙwaƙwalwa ba ta warkewa, kuma jariran 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasu da raunin fahimta, wasu da makanta ko shanyewar gaɓoɓi. Yarinyar da ta sha gubar tana ƙarama tana ɗauke da dalma a ƙasusuwanta, kuma idan ta yi ciki dalmar na iya komawa jini ta isa ga ɗan da ke cikinta. Ni abin da zan so kotu ta tilasta shi ne gwajin jini na dindindin da kulawa ta musamman a makarantu, musamman tun da MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar a 2022.

Jikan Mahaƙa daga Anka ya amsa:

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, kin faɗi gaskiya. Amma ina da ja da yadda ake kiran mutanenmu masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba, kamar wasu ɓarayi ne da suka zo daga wata ƙasa. Manoman gero da dawa ne waɗanda ke zaman banza rabin shekara, sai farashin zinare ya tashi a duniya bayan 2008, har ya haura dala 1,200 kowane oza a 2010. Mutumin da ya ga zai iya samun abin da ya fi amfanin gonarsa daga buhunan dutse, kuma ofishin da ke ba da lasisi yana can Abuja da takardunsa na Turanci, me ake so ya yi? Injin niƙan da ake niƙa hatsi da shi aka juya zuwa niƙa dutse a busasshe, ana shanya garin a tsakar gida, ana haɗa shi da zaiba a ƙona, kuma babu wanda ya taɓa gaya wa kowa cewa ƙurar tana kisa sai da kaburbura suka yi yawa.

Haramci bai taɓa hana haƙa ba, sai dai ya sa a ɓoye ta, kuma aikin da aka ɓoye cikin gida yake komawa, kusa da yara. Haramcin 2019 ma, wanda aka yi da sunan tsaro, ya bar ramukan ga masu bindiga da waɗanda za su iya biyansu. Abin da ya rage mutuwa shi ne abin da aka koya wa mutane daga baya: a fitar da niƙa bayan gari, a niƙa da ruwa domin kada ƙura ta tashi, mutum ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. A 2020 mun ga an kai wa shugaba Buhari sandar zinare a fadarsa ƙarƙashin shirin gwamnati na tallafa wa ƙananan masu haƙar zinare, PAGMI, aka yi ta cacar baki da 'yan Neja Delta a kan ko wa ke da zinaren Zamfara. Ina jin tsoron ƙarar Barista za ta ba gwamnati dalilin sake rufe ramuka ta ce ta cika umarnin kotu, talaka kuma ya rasa abincinsa bayan ya rasa ɗansa.

Lauya daga Kaduna ya sake amsawa:

Wannan tsoro naka yana da tushe, Malam, shi ya sa abin da aka roƙi kotu ya fi sunan wanda aka kai ƙara muhimmanci. Mai ƙara ne ke rubuta buƙatunsa, kuma zai iya neman a tilasta wa gwamnati gina wuraren niƙa da ruwa a bayan gari da yi wa ƙungiyoyin masu haƙa rajista, ba tare da ya nemi a rufe rami ko ɗaya ba. Kafin a kai ga kotu ma akwai matakai biyu masu sauƙin kuɗi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta wajabta wa ma'aikatun tarayya amsa buƙatar bayani cikin kwana bakwai, don haka ana iya neman lissafin yadda aka kashe kuɗin Bagega da rahotannin masu duba wuraren haƙa. Sannan Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar koke kyauta, kuma gyaran da aka yi wa dokarta a 2010 ya ba ta ikon yanke diyya da za a iya aiwatarwa ta hannun babbar kotu. Kotun ECOWAS ta ƙi ba da diyyar kuɗi a ƙarar SERAP ne saboda ba a gabatar mata da waɗanda aka cutar ɗaya bayan ɗaya ba, don haka duk wanda zai ɗauki wannan aiki sai ya fara da sunayen yara da sakamakon gwajinsu. Hajiya, shin waɗannan takardu suna nan?

Ma'aikaciyar jinya daga Gusau ta sake amsawa:

Ba a sa yaro a maganin sai an auna jininsa an rubuta, kuma ana sake aunawa bayan kowane zagaye na magani, saboda haka an yi rubutu mai yawa a waɗannan shekaru. Sai dai bayanan marasa lafiya amana ne, kuma iyaye ko su kansu yaran da suka balaga ne kawai ke da ikon neman nasu. Idan Ɗan Talatar Mafara yana son ya fara wani abu, ya fara da zuwa wurin dagatai da limaman ƙauyukan, domin su ne suka san gidan da aka yi jana'iza da gidan da har yanzu ake jinya, kuma ba tare da yardarsu ba babu uwar da za ta fito da katin asibitin ɗanta ta miƙa wa baƙo.