Tatsar sinadaran ganye da damina: a ina ake asara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Masu wannan aiki a Kaduna, yaya kuke fama da watan Agusta? Ganyen sabara na yin baƙi da fumfuna kafin ya bushe, abin da ake samu bayan tacewa kuma bai taka kara ya karya ba.

Malamar haɗa magunguna: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tun daga shanya ake asarar. Kada a baza ganye a kan siminti, danshi yake ja. A shimfiɗa shi a kan raga, ba tudu, a inuwa mai iska, ana juyawa safe da yamma. In akwai oben, digiri 40 zuwa 45 ya isa. Alamar bushewa: ka murza shi ya ce ƙaras, ya zama gari. Wanda fumfuna ta kama kuwa a zubar, don sinadaranta za su shiga cikin naka, ka auna abin da ba na ganyen ba.

Mai kula da ɗakin gwaji: Gaskiya ne Malama. Sai jiƙo: gari giram 100, itanol (ruwan sinadarin da ke janyo sinadaran ganyen) mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 lita ɗaya, a kwalba mai duhu da murfi, awa 72, ana girgizawa. A fara tacewa da ƙyalle mai laushi kafin takardar tacewa ta Whatman lamba 1, in ba haka ba ta toshe. Dusar a sake jiƙa ta, akwai sauran alheri a ciki. In ganyen mai maiƙo ne a fara wanke garin da hekzen, ruwan sinadarin da ke cire maiƙo.

Soxhlet, na'urar gilashin da ke tatsa ta hanyar tafasa ruwan sinadari, na da sauri, amma ruwan sanyaya tururi kada ya yanke. Famfo ya ɗauke, wuta na ci a ƙasa, sai tururin ya cika ɗaki. Gobara ke nan.

Mai nazarin sinadarai: Zafi ne babban ɓarawo. Mitanol, wani ruwan tatsar kamar itanol, na tafasa a wajen digiri 65, itanol 78, shi ya sa ake ƙafar da su a injin juyawa mai zuƙe iska, wanda ke sa su ƙafe a digiri 40. Ku tuna Tu Youyou, masaniyar magunguna ta ƙasar Sin: sai da ta rage zafin tatsa kafin abin da ta ciro daga tsiron Artemisia annua ya nuna cikakken ƙarfi kan zazzaɓin cizon sauro, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Abin da aka tatso da za a bai wa ɓerayen gwaji kuma, kada mitanol ya rage a ciki, guba ne.

Malamar haɗa magunguna: Abu ɗaya da ake rainawa: sunan kasuwa ba shaida ba ne. A kai reshe mai ganye da fure ma'ajiyar tsirrai ta ABU Zariya a karɓi lambar shaida kafin a jiƙa ko giram ɗaya.

Mai tambaya: Na gode Malamaina. Ragar sauro za ta yi, ko sai ta ƙarfe?

Mai kula da ɗakin gwaji: Sabuwa marar magani. Mai feshin maganin sauron nan kada ta taɓa ganyenka.